Ɗalibi da Safe, Malami da Yamma

Duk daren Alhamis, daga wajen ƙarfe takwas, ɗakin kwamfutocin sashenmu yakan cika har a rasa wurin zama. Aikin mako ana rufe karɓarsa ƙarfe 11:59 na dare, ko minti ɗaya ba a ƙarawa. A jikin bango akwai allon da ke nuna layin masu neman taimako, suna arba'in ko fiye, kowanne da lambar teburinsa. Masu ba da taimakon su uku ne, wani lokaci huɗu, kuma babu wanda ya wuce shekara ashirin da biyu a cikinsu. Farfesan kwas ɗin yana gidansa tun yamma. Waɗannan ukun ɗaliban digirin farko ne kamar kowa, da safe suna zaune a lacca suna rubuta abin da ake koya musu, wasu ma gobe suna da tasu jarrabawar. Su ake kira mataimakan malami, Turawa na taƙaita sunan su ce TA.

Zango biyar na yi ina wannan aiki a wata jami'ar jiha a Amurka, a kwas ɗin farko na koyon rubuta manhajar kwamfuta, biyu na ƙarshe ina cikin masu lura da sababbin shiga. Abin da zan faɗa a nan shaida ce ta abin da aikin ya ƙunsa, domin ƙannenmu da ke fita karatu suna jin labarinsa sama-sama, wasu su ɗauka hanyar samun kuɗin kashewa ce kawai, wasu kuma su ji tsoronsa su ƙi nema.

Wanda ya yi karatu a Najeriya zai iya rikita shi da abu biyu. Akwai ƙaramin malamin da jami'a ke ɗauka bayan ya gama digiri ya yi bautar ƙasa, wannan ma'aikaci ne cikakke, ba shi ake nufi ba. Akwai kuma darasin bita da hazikan ɗalibai ko ƙungiyoyin ɗalibai ke shiryawa kafin jarrabawa, saboda Allah ko don ɗan abin sabulu. Wannan ya fi kusa, sai dai babu hannun sashe a ciki, kuma mai bitar ba ya taɓa takardar kowa. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne gardi a tsangaya: shi ma bai sauke nauyin karatunsa ba, amma malam ya damƙa masa ƙolaye yana biya musu allo, yana gyara musu wasali, in abu ya fi ƙarfinsa ya kai gaba. Bambancin, a can akwai takardar ɗaukar aiki, da awanni ƙidayayyu, da doka a kansa.

Tsarin ba sabo ba ne. A Jami'ar Brown, Farfesa Andries van Dam ya fara sa ɗaliban digirin farko taya shi koyarwa tun 1965, kuma sashen kwamfutarsu har yau a kan wannan yake tafiya. A Stanford, kwasa-kwasan farko na manhaja ana raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kusan goma-goma, kowace da ɗalibin da ke jagorantarta, kuma sabon jagora sai ya yi wani kwas na musamman na koyon koyarwa. A Jami'ar Missouri da ke Kansas City, Deanna Martin ta ƙirƙiro a 1973 wani tsari inda ɗalibin da ya ci kwas mai wuya zai koma ya sake zama a laccar, sannan ya jagoranci zaman bita. Dalili ɗaya ne a ko'ina: malami ɗaya ba zai iya zama kusa da mutum ɗari shida ba. Akwai kuma dalili na biyu da na fi yarda da shi. Farfesan da ya shekara ashirin yana koyar da abu ya manta inda yake da wuya. Wanda ya sha wuyar bara bai manta ba, ya san takamaiman layin da ya hana shi barci.

Yadda ake shiga. Sai ka ci kwas ɗin da sakamako mai kyau, galibi A ko abin da ya kusance ta. Wajen ƙarshen zango ake buɗe neman na zango mai zuwa: ka cike fom, ka rubuta dalilinka a 'yan layuka, sannan a kira ka gwaji. Gwajin namu minti goma sha biyar ne. Minti biyar na farko ka koyar da wani ƙaramin batu a kan allo. Sauran goman, ɗaya daga cikin tsofaffin mataimaka zai zauna a matsayin ɗalibin da ya ruɗe, ya ajiye maka manhajar da aka dasa wa kuskure, ya ce, “Ba ta aiki, ban san dalili ba.” A nan mafi yawan masu A suke faɗuwa. Sukan hango kuskuren cikin daƙiƙa goma, su ja kwamfutar gabansu, su gyara, su yi murmushi. Masu gwajin su rubuta cewa bai dace ba. Wanda ake ɗauka shi ne wanda ya ga kuskuren ya haɗiye shi, ya tambayi ɗalibin, “Me kake sa ran wannan layin zai yi? To me ya yi?” Shi ya sa sau da yawa mai B da ya sha wuya yakan fi mai A da bai taɓa tuntuɓe ba.

Ga ɗan ƙasar waje akwai takardu kafin a fara. Mai bizar karatu ta F-1 an yarda ya yi aiki a cikin jami'a, amma kada ya wuce awa 20 a mako muddin ana cikin zango, kuma ana haɗa dukkan ayyukan da yake yi ne a ƙirga. Wato in kana awa 12 a ɗakin cin abinci, ba ka da sarari sai na awa 8. Wannan ba abin wasa ba ne, ƙetare shi na iya taɓa bizar kanta. Za ka cike fom ɗin I-9 na tabbatar da izinin aiki, ka karɓi wasiƙa daga sashe da ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka je neman lambar Social Security, lambar da gwamnatin Amurka ke ba ma'aikaci. A fara wannan da wuri, domin albashin farko yakan makara in takardun ba su kammala ba. Biyan kansa ya bambanta: wasu wuraren kuɗi ne a kan awa, wasu dunƙule a zango, wasu kuma zangon farko ba kuɗi sai dai a lissafa maka shi a matsayin kwas.

Makonmu awa goma ne a takarda. Ɗaya ta taron ma'aikatan kwas, biyu na lab, wato darasin gwaji a ɗakin kwamfuta, uku na zaman ganawa da ɗalibai, biyu zuwa uku na duba ayyuka, abin da ya rage na shiri da amsa tambayoyi a dandalin kwas.

Taron mako shi ne ginshiƙi, kuma sharaɗin shigarsa ɗaya ne: ka zo ka riga ka yi aikin da za a ba ɗalibai, da hannunka, daga farko har ƙarshe, ba tare da ka leƙa amsar malam ba. Sabon mataimaki yakan ce ai na yi wannan bara, ya karanta amsar kawai ya ga ta yi masa daidai. Ranar lab sai ɗalibi ya bi wata hanya dabam, shi kuma ba ya da ta cewa, domin hanya ɗaya ya sani, ita ma ba tasa ba ce. Amfani na biyu, mu muke fara kama kuskuren da ke cikin tambayar kanta. Jimla ɗaya mai harshen damo a takardar aiki, in ta fita ga mutum 600, tambaya ɗari za ta haifa kafin gari ya waye. Gyaranta a taron Litinin minti biyu ne.

Lab ɗin mutum ashirin zuwa ashirin da biyar ne, mataimaka biyu. Bayanin buɗewa kada ya wuce minti goma, domin lacca an riga an yi, nan wurin sa hannu ne. Daga nan sai zagaye. Mataimakin da ya zauna a gaba yana jiran a ɗaga hannu, mutum biyar masu baki zai yi wa hidima, sauran ashirin su tashi yadda suka zo. Wanda ya fi buƙatarka shi ne na can kusurwa, wanda allonsa bai canza ba tun minti goma sha biyar da suka wuce, kuma ba zai taɓa kiranka ba. Kada ka tambaye shi “Ka gane?”, zai gyaɗa kai ne. Ka ce masa, “Nuna mini inda ka tsaya.” Ka jawo kujera ka zauna, ko ka durƙusa daidai da teburinsa, kada ka tsaya a kansa kamar mai gadin jarrabawa. Sunaye kuma a haddace su cikin mako biyu na farko. Ana ba da jerin sunaye da hotuna, minti goma kafin kowane lab sun isa.

In ka jefa wa aji tambaya, ka jira. Mary Budd Rowe, mai binciken koyar da kimiyya a Amurka, ta gano tun farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya tak kafin su amsa wa kansu, kuma in suka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi na ƙara tsawo, masu amsawa na ƙara yawa. Mu mukan ce wa sabo ya ƙirga har bakwai a zuciyarsa. Shirun na da nauyi ga wanda ke tsaye, amma na zaune tunani yake yi. Ga wanda harshensa ya fito daga gida kamar namu, ƙari biyu ne: ya rage sauri, kuma duk kalmar da ke da muhimmanci ya rubuta ta a allo. Cikin mako biyu kunnensu ke sabawa.

Zaman ganawa kuwa, nan ne aikin yake.

Lissafinsa a bayyane yake. Mataimaka uku, awa biyu, minti 360 ke nan. Mutum arba'in a layi, kowa minti tara. In ka ba mutum ɗaya minti talatin don ka ji tausayinsa, ka cinye rabon mutum biyu da ba ka ma ga fuskarsu ba. Don haka ka'idar ita ce minti goma: ka kai shi ga mataki na gaba, ka bar shi ya gwada, in ya sake maƙalewa ya sake shiga layi. Idan ka lura mutum shida a jere tambaya ɗaya suke yi, ka tsayar da layin, ka tara su gaban allo ka yi bayani sau ɗaya, sannan ka rubuta a dandali don na gida su gani.

Doka ta farko da ake koya wa kowa: hannunka kada ya taɓa kibod ɗin ɗalibi, kada ya taɓa linzaminsa. Wasu cikinmu har hannu suke goyawa a baya. Dalilin shi ne, da zarar ka karɓa, shi ya zama ɗan kallo. Manhajar za ta yi aiki, zai yi godiya, ya tafi da maki, mako mai zuwa ya dawo da irin kuskuren, ranar jarrabawa kuma babu kai a kusa.

Na ga wata tsohuwar mataimakiya, 'yar ajin ƙarshe, ta yi abin da har yau nake kafa misali da shi. Wani yaro ɗan ajin farko ya zo ransa a ɓace. An ce a rubuta ɗan aiki a Python, harshen rubuta manhaja, da zai haɗa jimillar lambobi. Nasa yana nuna amsa daidai a allo, 15, amma manhajar da ke duba aiki ta ba shi sifili. Ya ce na'urar ce ta lalace. Duk wanda ya yi zango ɗaya a aikin ya san ciwon: ya yi amfani da print a inda ake son return. Na farko nuna wa mutum amsa yake yi a allo, na biyu miƙa wa sauran manhajar amsar yake yi don ta yi aiki da ita. Faɗar wannan daƙiƙa biyar ne. Ba ta faɗa ba. Ta ce, “Amsarka daidai ce. Yanzu ajiye ta a cikin x, ka ninka x sau biyu, mu gani.” Ya rubuta, ya danna, jan rubutu ya fito yana ambaton NoneType. Ta ce, “Karanta mini layin ƙarshe da ƙarfi.” Ya karanta. Ta ce, “Me ke cikin x ke nan?” Ya yi shiru, ya sa a nuna masa x, ya ga None, wato babu komai. Ya ce, “To ina sha biyar ɗin ta tafi?” Ta ce, “Tambayar ke nan. Ka ba allo ita. Wa kuma ka ba?” Ya kalli layin nasa kusan rabin minti, sannan ya goge kalma ɗaya ya sa wata. Minti shida duka. Ta miƙe ta kira suna na gaba.

Kurakuran 'yan farko ba su da yawa, maimaituwa suke yi. Jeri mai abu uku, wurarensa 0, 1, 2 ne, ɗalibi ya nemi na 3 ya faɗa rami. Alamar daidai guda ɗaya ajiyewa take yi, guda biyu tambaya suke yi, sai a musanya su. Zagaye, wato umarnin da ke maimaita kansa, in ba a canza sharaɗinsa a ciki ba, ba zai taɓa tsayawa ba. Sai kuma babbar cuta, rashin karanta saƙon kuskure: jan rubutu na fitowa sai ido ya kauce, alhali a ciki aka rubuta lambar layin da irin matsalar. Rabin aikinmu koya wa mutane karanta wannan saƙo ne daga ƙasa zuwa sama. Ɗaya rabin kuma takarda da fensir: a rufe kwamfuta, a zana akwati ga kowane suna, a bi manhajar layi-layi ana sauya abin da ke cikin akwatin.

Akwai ranar da za a tambaye ka abin da ba ka sani ba. Sabo yakan ji kunya ya ƙaga amsa, kuma ƙagaggiyar amsa daga bakin mataimaki tafiya take yi, kafin dare ta zaga rukunin WhatsApp na ajin da sunan “TA ne ya faɗa”. Abin da ya dace shi ne, “Ban sani ba, bari mu duba tare,” ko “Zan tambayi malam in rubuta a dandali kafin gobe da azahar.” Sannan a cika alkawarin.

Kalma ɗaya kuma da muka hana: “mai sauƙi ne”. Ga wanda ya yi awa uku a kan abu, jin haka daga bakinka na nufin matsalar a kansa take. Na ga waɗanda suka ajiye kwas, wasu ma suka bar fannin gaba ɗaya, ba don sun kasa ba, sai don sun ɗauka kowa ya gane su kaɗai aka bari.

Duba ayyuka shi ne ɓangaren da ba a gani, kuma shi ke jawo rigima. Ba kowace jami'a ke barin ɗan digirin farko ya ba da maki ba. A tsarin da Jami'ar Colorado da ke Boulder ta faro a farkon shekarun 2000, aikin mataimakan taya ɗalibai tattaunawa ne a cikin aji. A wurinmu muna dubawa, amma da ma'auni a rubuce. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan ba a yarda da ido ba, mudun ake so, domin mutum talatin ne ke awo, kuma dole tiyar kowa ta zo ɗaya.

Ga yadda ake yi da jarrabawa. A ɗauki hoton takardun a ɗora a Gradescope, manhajar duba takardu da ba da maki, a ɓoye sunaye. Kowace tambaya a ba mutum biyu ko uku, su duba ta a takardu 600 ɗin duka, maimakon a ba kowa takardu ashirin ya duba daga farko har ƙarshe. Kafin a fara, masu tambaya ɗaya su zaɓi takardu goma, kowa ya ba da maki shi kaɗai, sannan a kwatanta. In wani ya ba da 7 wani ya ba da 4, ba a raba tsakani, ma'aunin ne bai fito ba, a gyara shi. Kowane ragi da sunansa: bai kula da jeri marar komai ba, a cire 2, zagaye ya wuce da ɗaya, a cire 1. In a takarda ta ɗari biyu aka ci karo da wata hanya ingantacciya da ba a yi tsammani ba, a ƙara ta a ma'auni, a koma baya a nemo waɗanda aka zalunta a kanta. Kuma kuskure ɗaya ba a hukunta shi sau biyu: in lissafin farko ya karkace amma sauran matakan sun bi shi daidai, ragi ɗaya ne.

Gajiya na karkatar da hannu. Bayan awa ɗaya da rabi, wani yakan tsananta, wani yakan saki. Shi ya sa ake tashi a sha iska, in an dawo a sake duba biyar na farko a ga ko har yanzu hannu ɗaya ne. Bayanin da za ka rubuta wa ɗalibi kuma ya faɗi wuri da dalili. “Ba daidai ba” bai koyar da kowa komai ba. “Layi na 12: in jerin babu komai, za ka raba da sifili” ya koyar.

Sakamako na fita, ƙorafi zai biyo, kuma kanka zai sauka, ba kan farfesan da ya tsara tambayar ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kada ka taɓa canza maki a tsaye, a baranda ko a layin abinci, komai ƙarfin hujjar mai magana. Akwai ƙofar neman sake dubawa, a rubuce, cikin mako ɗaya. Wanda ya canza wa mutum ɗaya a tsaye ya koya wa aji duka cewa maki na mai baki ne.

Sai amana, wadda ita ce ta fi wahalar da ɗan gidanmu. Waɗanda kake dubawa abokan zamanka ne, kuna haɗuwa a masallaci, kuna cin abinci tare. Farkon zango ana ba ka jerin sunaye ka nuna duk wanda kuke da alaƙa, a ɗauke aikinsa daga hannunka. A yi wannan da gaskiya, kariya ce gare ku duka. Duk da haka wata rana ƙaninka ɗan gida zai same ka bayan sallar Juma'a, ya rage murya ya ce, “Yaya, don Allah ɗan leƙa mini aikin nan, ko ka nuna mini yadda naka yake.” Mu mutane ne masu kunya, kuma a baƙuwar ƙasa ɗan'uwa ba abin yarwa ba ne. Amma amsar malam da ke kwamfutarka ba taka ba ce. Abin da za ka iya ce masa: “Ƙanina, ina zama Talata da Alhamis daga huɗu zuwa biyar da rabi. Zo da wuri kafin layi ya yi tsawo, zan zauna da kai kamar kowa.” In ka tura masa, ku biyu za ku gurfana gaban kwamiti, shi ya rasa kwas, kai ka rasa aiki da sunanka, kuma ku duka a kan biza kuke.

Kama satar aiki ba wuya. MOSS, manhajar da Alex Aiken ya ƙirƙira a 1994, tsarin manhaja take kwatantawa, don haka canza sunaye da jujjuya layuka ba sa ɓatar da ita. Amma in ka ga ayyuka biyu sun yi kama, ba naka ba ne ka tuhumi kowa, ko ka kira shi gefe ka yi masa nasiha, ko ka rage masa maki a ɓoye. Ka rubuta abin da ka gani, lambar layi da lambar layi, ka miƙa wa farfesa, ka ja bakinka. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 abin ya sake fuska: aikin ɗan mako uku ya zo tsaf da dabarun da ba a koyar ba sai mako na goma. Zato ba hujja ba ne. Abin da ke aiki shi ne tambayar da dama can ita ce sana'armu: “Bi da ni layin nan, me yake yi? In na canza wannan lambar me zai faru?” Wanda ya rubuta da kansa zai amsa ko da da in'ina.

Sirrin maki kuma doka ce a Amurka, mai suna FERPA, tun 1974. Mu da muka saba ganin sakamako manne a allon sanarwa, wannan sai an koya. Ba ka faɗa wa abokin ɗalibi makinsa, ba ka barin takardun da aka duba a tebur kowa ya tona ya ɗauki tasa, ba ka buɗe jadawalin maki kwamfutarka na haɗe da majigi. Ko mahaifinsa ne ya bugo waya, ka tura shi ga farfesa. Haka nan in ɗalibi ya buɗe maka cikinsa, kuma za su buɗe domin kai ne sa'ansu, ka san iyakarka. Wanda ya ce ya kwana uku bai yi barci ba, ko ya yi maganar cutar da kansa, ba kai ne likitansa ba. Ka saurare shi, ka raka shi ko ka haɗa shi da ofishin masu ba da shawara, ka sanar da malam a ranar. A jami'o'i da yawa, in maganar cin zarafi ce, wajibi ne a kanka ka kai rahoto, don haka kada ka yi alkawarin rufe sirri kafin ka ji abin da za a faɗa.

Abin da ke kayar da mataimaka nagari shi ne awanni. Goma a takarda takan zama sha biyar a makon jarrabawar tsakiyar zango, kuma makon ne kai ma kake da naka uku. Saƙonni na shigowa ƙarfe ɗaya na dare, in ka amsa sau ɗaya ka buɗe ƙofa. Kada a ba ɗalibai lambar waya, komai ya bi ta dandalin kwas, inda amsa ɗaya za ta amfani ɗari. A rubuta kowace awa da aka yi a ranar da aka yi ta. In mako biyu a jere sun haura abin da aka ɗauke ka a kai, ka kai wa shugaban mataimaka lissafin, a rage maka kaya. Yin shiru ba kirki ba ne, domin sashe zai ɗauka awa goma na isa, ya ɗora wa na bayanka irin nauyin. Maganar haƙƙin nan ta taɓa kai wa ga shari'a: a Janairun 2020 mai sasanci ya umarci Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta biya miliyoyin daloli ga mataimakan da aka riƙa ɗauka a kan awa takwas a mako, ƙasa da awa goman da ke ba mutum damar a yafe masa kuɗin makaranta. Mai azumi kuma ya duba kalanda tun makon farko. In Ramadan zai faɗo cikin zango, ya nemi musanyar zaman da ya ci karo da buɗa-baki tun da wuri, ya kuma nemi kada a sa masa lab a lokacin Juma'a. Ana yarda cikin sauƙi in an faɗa kafin a kafe jadawali, bayan an kafe kuwa sai ka nemo wanda zai karɓa maka.

A makon ƙarshe na kowane zango, bayan an shigar da maki, akwai aiki ɗaya da ya rage. Muna da wani kundi da ake gada hannu zuwa hannu, kowane aikin mako da shafinsa. Kowa zai zauna ya ƙara abin da ya gani: a aiki na huɗu, tambaya ta biyu, mutane da yawa sun ɗauka ana son a canza jerin asali alhali sabo ake so, a gyara jimlar, a lab na shida, misalin akwatuna ya yi aiki, misalin adireshin gida ya ƙara ruɗa su, daren rufe aiki na bakwai mutum uku ba su isa ba, a sa biyar. Ba a rubuta sunan ɗalibi ko ɗaya a ciki. Sababbin da aka ɗauka, waɗanda watanni huɗu da suka wuce sunansu ke kan allon layi, su ake fara ba kundin su karanta kafin taron farko, tare da aikin mako na ɗaya da za su yi da hannunsu.